Mu masu buga littattafan da ba a rububinsu

Duk wanda ya ji na ce ina da maɗaba'a a Zariya sai ya ɗauka katin biki da kalanda da fostar 'yan siyasa nake bugawa. To ina buga su kam, ba zan ɓoye ba, su ne ma ke biyan kuɗin haya da dizal. Amma abin da ya sa na buɗe wajen daban ne, wato littattafan bincike na malamanmu da mujallun sassan jami'a, irin kayan da ba a rububinsu a kasuwa.

Mu biyar ne a shagon, ni da mai tsara shafi a kwamfuta, da mai injin, da yara biyu masu naɗi da ɗinki da sa gam. Garin nan kuma ɗab'i ba baƙonsa ba ne, a 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a nan, kamfanin Gaskiya ya zo 1945, kamfanin buga littattafai na Arewa wato NNPC 1966, ga maɗaba'ar ABU, mu dai 'yan baya ne masu tsintar abin da ya faɗo.

Yawanci malami zai shigo da kundin digirinsa na uku a filashi, shafi 400 ko fiye, ya ce Alhaji so nake nan da wata ɗaya ya zama littafi saboda maganar ƙarin girma. Sai in ce masa Dakta yi haƙuri, kundi daban littafi daban. Rabin kundin nan bitar ayyukan magabata ne da bayanin yadda aka tattara bayanai, an rubuta don mutum huɗu ko biyar da za su zauna su yi maka tambayoyi, sai an sassaƙe shi. Bayan nan in tura wa malamai biyu na fannin su duba ba tare da sun san mai shi ba, kuma nan ne ake ɓatawa da ni, don wani gani yake tunda da kuɗinsa ya zo ai ba sai an duba ba. Akwai masu buga maka ko me ka kawo cikin sati guda, ni ban iya ba, in an ga shirme sunan shagona ne a bango.

Aikin da na fi ji da shi na wani malamin kimiyyar ƙasar noma ne. Shekara da shekaru yana bin ƙauyuka yana zama da tsofaffin manoma yana rubuta yadda suke rarrabe ƙasa, jigawa, fadama, dabaro, faƙo, marmara, wacce ke riƙe ruwa, wacce gero ke so, wacce sai dawa. Ya auna a ɗakin gwaji ya ga rabon nasu ba hasashe ba ne. Har da babi guda kan gawo, itacen nan da ke zubar da ganye da damina ya fitar da rani, shi ya sa hatsin da ke gindinsa ba ya shan inuwa kuma ya fi na gefe kyau, abin da kowane manomi daga Katsina har Maraɗi ya sani tun yana yaro. Ya ce mini ya taɓa tura wani yanki na aikin wata mujalla a waje, suka ce ya cire sunayen Hausa ya bar na kimiyya kawai wai masu karatu ba za su gane ba, sannan in yana so kowa ya iya karantawa kyauta ya biya kuɗi da dala, kuɗin da ya fi albashinsa na watanni. Na ce Malam kawo shi nan. Muka bar kowane suna yadda manoman suka faɗa, na kimiyya a gefensa, muka sa sunayen dattawan da suka yarda a sa a farkon littafin, ba wai "wani manomi ya ce" ba. Muka ƙara taƙaitawa da Hausa shafi 20 a ƙarshe. Kwafi 300 muka buga, 15 ya kai ƙauyukan da kansa.

Wahalar ƙ da ɗ da ɓ kuwa sai wanda ya sha. Ka gama tsara littafi tsaf, a kai wajen fitar da farantin da ake ɗora wa injin bugu, kwamfutarsu ba ta da irin rubutun, duk ƙ ta koma ɗan akwati. Sau ɗaya ya same ni, faranti 16 suka tafi a banza, tun daga ranar sai na rufe fayil a PDF na bi shi shafi-shafi da idona. In da ajami a ciki kuwa hoto muke ɗauka mu liƙa, ya fi kwanciyar hankali.

Takarda ita ce ke kashe mu. Masana'antun takarda na Jebba da Iwopin da Oku Iboku ba su ciyar da kasuwa, kusan duk daga waje ake shigo da ita, tun da aka saki naira a 2023 farashin rim yau daban gobe daban, shi ya sa farashin da na ba mutum ba ya wuce kwana bakwai. Wanda ya samu tallafin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, ya huta, saura kuwa daga albashi suke yanka. Sai lambar shaidar littafi wato ISBN daga Ɗakin Karatu na Ƙasa, da kwafi uku da doka ta ce mu ajiye musu.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne wajen ƙarin girma maƙala ɗaya a mujallar waje ta fi littafi sukutum da aka buga a gida maki a wurare da yawa, don haka masu ƙoƙarin ma can suke kai mai kyan, mu a kawo mana ragowa. Shi ya sa yanzu nake matsa wa editocin mujallu biyun da nake bugawa su fito kan kari, su nemi shiga AJOL, rumbun nan na mujallun Afirka da ke intanet tun 1998, don ɗalibi a Yamai ko Tamale ya samu ba sai ya zo Samarun Zariya ba. Ɗaya ta tura takardunta muna jira.

Yanzu haka akwai aikin wata malama a kan tebur kan magungunan da ungozomomi ke ba mai jego, mai dubawa ɗaya ya dawo da shi, ɗayan wata uku ke nan kullum na kira sai ya ce gobe in sha Allah.