Kuɗin rajistar da na zuba a rami

Na kammala jami'a, amma har yau akwai mutumin da nake jin nauyin haɗa ido da shi: abokin ɗakina na aji biyu.

Wani ɗalibi da ya girme mu da aji biyu ne ya kawo mana harkar. Mutum ne mai faram-faram, duk Yaya muke ce masa. Ya miƙo min wayarsa, na ga alat jere reras. Ya ce in ka zuba kuɗi, bayan wata guda za a dawo maka da uwa da riba kashi 30 cikin ɗari, in ka kawo wani kuma kana da lada. Na gwada da ɗan kaɗan, aka biya ni ranar da aka ce. Wannan biyan ne ya rufe min ido. Da zango ya zagayo na zuba kuɗin rajistata kaf, na kuma yi ta lallaɓar abokina har ya zuba nasa. Ba a yi mako uku ba shafin intanet na harkar ya daina buɗewa.

Na sami Yayan a bakin ɗakin lakca. "Yaya, shafin nan fa ya ƙi buɗewa." Ko ɗago kai bai yi ba. "Haba ƙanena, ni ma an cuce ni. Dole na yi maka?" Ashe tuni ya kwashe nasa, har da ladan da ya ci a kanmu. Wannan maganar ta fi asarar yi min ciwo, kuma ban yafe ba tukuna.

Daga baya na karanta labarin Charles Ponzi, wanda a 1920 a birnin Boston na Amurka ya yi wa jama'a alƙawarin riba kashi 50 cikin kwana 45. Babu wani ciniki a ƙasa, kuɗin sababbi yake ɗiba ya biya tsofaffi. Kenan ribar da na yi ta murna da ita daga aljihun wani ɗalibi ta fito. Tambaya ɗaya tak da na yi, da na tsira: me kuke sayarwa?

Tun daga nan babu wanda ya sake cin sisina. Duk tallafin karatun da aka ce sai na biya kuɗin fom kafin a ba ni, na bar musu. Lambobi shida da WhatsApp ke turowa ko ɗan ajinmu ne ya nema ba na bayarwa. Wanda ya ce "yau ake rufewa" kuwa sai ya jira in je ofishin makaranta in tambaya.

Abokina ya rasa shekara guda ta karatu. Kaɗan-kaɗan na biya shi, sai da na shekara biyu ina yi. Ko sau ɗaya bai taɓa tayar min da zancen ba.