Amurka ta tagar Dublin

Ƙanena da ke digiri na biyu a Cork, a ƙasar Ayalan, shi ya jefa ni cikin karatun yadda malaman can ke nazarin Amurka. Na tambaye shi abin da zai kai mai neman tarihin Amurka wata ƙasa daban, ga masu abin nan da ransu. Ya ce, "Yaya, mai ɗaki ya san inda yake masa yoyo, amma maƙwabci ke fara ganin katanga ta karkace." Daga nan ya dinga turo mini maƙalu ta WhatsApp, ina karantawa da daddare in zafin Katsina ya hana barci.

Ashe tun 1970 malaman jami'o'insu ke da ƙungiyar nazarin Amurka, wadda ta haɗa kudu da arewacin tsibirin, suna kuma fitar da mujalla a intanet. A Dublin akwai cibiya guda ta wannan fanni mai sunan Bill Clinton, tsohon shugaban Amurka da ya taimaka wajen sulhun Arewacin Ayalan na 1998.

Dalilin wannan naci ba boyayye ba ne. Daga 1845 zuwa 1852 cuta ta cinye dankalin Turawa, abincin talakansu, alhali suna ƙarƙashin mulkin Ingila. Kusan mutum miliyan ɗaya suka mutu, sama da miliyan ɗaya suka bar ƙasar, akasarinsu zuwa Amurka. Ƙidayar 1841 ta nuna sun haura miliyan 8, kuma har yau tsibirin bai koma wannan adadi ba. A Amurka kuwa sama da mutum miliyan 30 ke cewa tushensu Ayalan ne. Saboda haka malamin Cork da ke nazarin Boston ko New York, labarin danginsa yake bi.

Inda na fi daɗewa shi ne kan Frederick Douglass. Bawa ne a Maryland, ya tsere a 1838, ya buga tarihin rayuwarsa a 1845, sai tsoron a sake kama shi ya sa ya ƙetare teku. Ya yi kusan wata huɗu a Ayalan yana lacca a Dublin, Cork, Limerick da Belfast, aka kuma sake buga littafinsa a Dublin. A can ya haɗu da Daniel O'Connell, jagoran Katolikan ƙasar, wanda bai ɓoye ƙyamar masu bayi ba. Douglass ya ga talaucin da ya girgiza shi, amma bai yarda a ce yunwa da bauta abu ɗaya ba ne. A ganinsa mutumin Ayalan matalauci ne, sai dai ba mai kai shi kasuwa.

Da a nan suka tsaya, da na ce kirari suke yi wa kansu. Ba su tsaya ba. A 1841 O'Connell da wasu kimanin mutum 60,000 sun sa hannu a wata wasiƙa zuwa ga 'yan uwansu na Amurka, suna roƙonsu su goyi bayan masu yaƙi da bauta. Da yawansu suka yi fatali da ita, suka ce baƙo ba ya tsoma baki a rigimar masu gari. A watan Yuli na 1863, ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka, aka fara ɗibar mutane aikin soja dole a New York, mai dala 300 kuma yana iya fansar kansa. Talakawa suka yi bore, mafi yawansu 'yan Ayalan, suka huce kan baƙaƙen fata da suke gogayyar aikin dako da su a tashar jiragen ruwa. Suka ƙone gidan marayun baƙaƙe, aka rasa rayuka sama da ɗari. Waɗanda suka gudo daga zalunci ke nan, ko shekara ashirin ba a yi ba. Wannan shafi malaman Ayalan ba sa tsallake shi, kuma a nan suka burge ni.

Akwai na daɗi ma. A 1847 ƙabilar Choctaw ta 'yan asalin Amurka, da aka kora daga ƙasarsu ba da jimawa ba, sun tara dala 170 suka aika wa masu yunwa. Yanzu akwai abin tunawa da su a Midleton, kusa da Cork.

Ta fannin adabi, Eugene O'Neill, marubucin Amurka da ya ci kyautar Nobel a 1936, ɗan wani haifaffen Kilkenny ta Ayalan ne. In uba a wasan kwaikwayonsa yana ƙanƙame kuɗi don tsoron gidan gajiyayyu, wani zai ce rowa ce kawai, amma wanda kakanninsa suka ga waccan yunwa zai ji wani abu daban. Tasirin ya bi ta ɗaya ɓangaren ma: masu neman 'yancin Katolika a Arewacin Ayalan daga 1967 salon Martin Luther King suka ara.

Ni malamin tarihi ne a sakandare, kuma abin da ya tsaya mini shi ne mu ma muna da tamu tagar. Nicholas Said ɗan Kukawa ne a Borno. An kama shi yana yaro, aka ƙetara da shi Sahara zuwa Tarabulus, daga nan Santambul, sai Rasha, har ya isa Amurka. A 1863, shekarar waccan tarzoma, ya shiga runduna ta 55 ta Massachusetts, ta baƙaƙen fata, a ɓangaren masu yaƙi da bauta. A 1873 ya buga tarihinsa da Turanci, kuma a ciki ya ce a Katsina aka sayar da shi. Na yi firamare, sakandare da jami'a duk a jihar nan, ban taɓa jin an ambaci sunansa a aji ba.