Kumburin da ke bugawa a cinyar Baba

Wata Talata aka turo mana asibiti wani dattijo daga Tudun Wada, shekara 74, ga hawan jini ga suga ga ciwon ƙoda. Sati biyu kafin nan an soka masa allura a matse-matsi za a yi wankin ƙoda, ashe ta taɓa babbar jijiyar da ke kai jini ƙafa. Wurin ya kumbura kamar ƙwan kaza, 'ya'yansa suka ce kaluluwa ce, har sun yi magana da wanzami zai zo ya yi sakiya. Wallahi da na ɗora hannu na ji abin yana bugawa daidai da zuciyarsa sai da gabana ya faɗi, don da aska ta shiga nan jinin da zai yi tsartuwa ba mai iya tsayar da shi a zaure.

A sikanin sai ga ja da shuɗi, launukan da ke nuna gudun jini, suna juyawa cikin kumburin kamar 'yar jaka, santimita 3, jini na fita ta wani siririn wuya yana komawa. Huda ce, naman gefe ne kawai ya tare jinin. Ogana ya ce zuciyar Baba ba za ta ɗauki tiyata da sauƙi ba, allurar turombin kuma mai daskarar da jinin cikin daƙiƙu ba mu da ita, saura dannawa.

Kan na'urar sikanin ɗin za ka danna a kan wuyan har jini ya daina shiga jakar, amma jijiyar ta ci gaba da aiki, wani na taɓa bugun ƙafa. Na yi gaggawa ban ba shi maganin kashe zafi ba, minti goma ya zabura yana salati, aikin ya warware, har yanzu abin na damuna. Muka yi masa allurar kashe zafi, na ce Baba ka yafe ni, ya ce ɗana ci gaba. Minti ashirin-ashirin sau biyu, hannuna na rawa zufa har cikin ido, sai launin ya ɗauke, jakar ta toshe.

Awa shida bai lanƙwasa ƙafar ba, washegari muka sake dubawa shiru. Tun daga shi, kafin in danna kowa sai na tambaya ko yana shan wafarin ko asfirin, don masu shan maganin tsinka jini nasu yakan ƙi toshewa, in kuma wurin ya yi zafi da ruwa tiyata nake turawa kai tsaye.