Wanke babban hoto da faranti ɗaya a zafin Damagaram

Ranar da na fara wanke hoto mai faɗin santimita 50 da tsawon 60, na ƙofar fadar Sarkin Damagaram da ke Birni, na jera faranti uku kamar yadda na saba yi wa ƙananan hotuna: rebelatar mai fito da hoto, ruwan tsami mai tsayar da aikinsa, sai fiksatar mai zaunar da shi. Watan Afrilu ne, zafin maganin ya kai digiri 31, alhali 20 ake so, saboda haka gefe ɗaya ya yi baƙi tun ɗayan bai jiƙa ba. Da na ɗaga takardar zuwa faranti na biyu, nauyin ruwa ya karya ta a tsakiya, kuma irin wannan layin ba ya gyaruwa.

Maigidana, wanda na koyi sana'ar a hannunsa, shi ya ba ni shawarar in bar takardar wuri ɗaya, maganin ya riƙa zuwa yana samun ta. Yanzu faranti ɗaya nake ajiyewa, wanda ya ɗan ɗara takardar girma. Nakan kwarara lita uku na rebelatar daga gefe a zubi ɗaya, in yi ta karkaɗa farantin a hankali har minti biyu, sannan in tsiyaye shi ta kusurwa ya koma jarkarsa kafin in zuba na gaba. Kowace jarka da nata mazurari, domin 'yan ɗigon fiksatar sun isa su lalata rebelatar, kuma saboda wannan dalili sai na wanke farantin tas kafin takarda ta biyu ta shiga. A rufaffiyar jarka iska ba ta saurin mayar da maganin ruwan ƙasa, ƙurar hunturu ma ba ta samun shiga.

Zafi kuwa, jarkokin nake tsomawa cikin daro mai ƙanƙara, ba na jefa ƙanƙarar cikin maganin don kada ta tsinka shi. Safar hannu ba na wasa da ita tun da yatsuna suka yi ƙaiƙayi.

Ɗaurayar hoton bayan fiksatar ce ta fi ba ni wahala, domin takarda mai zare, wato takardar hoto marar rufin roba, tana son kusan awa guda a ruwa mai gudu, abin da ba kullum ake samu a garinmu ba. Sai in tanadi ruwa tun dare, in riƙa sauya shi duk minti biyar.