Daga Liverpool: bahagon da aka bar wa jitar da kowa ke gudu

Assalamu alaikum jama'ar gida, ina fata kowa yana lafiya, ya ƙoƙari ya haƙuri da mu.

Na san da na ce Liverpool wasunku sai su fara lissafin ƙwallo, to yau ba Anfield za mu ba. Garin nan ban da tamaula akwai wani abu da yake ci da su, wato Beatles, mawaƙan nan huɗu. Ranar Asabar na bi ta bakin ruwa wajen Pier Head inda aka kafa gumakansu, na tarar da layi wai na ɗaukar hoto, wata tsohuwa har shafa hannun rigar ɗaya take yi kamar ta ga ɗanta. Wanda take shafawa ɗin Paul McCartney ne, mai kaɗa bes ɗinsu.

Bes jita ce mai tsirkiya huɗu masu kauri, muryarta can ƙasa take, a ƙirji ake jinta kafin kunne. A da ba mai sonta, don mai ita baya ake tura shi ya tsaya kusa da mai ganga, 'yan mata ko kallonsa ba sa yi. Shi ma Paul ba da son ransa ya ɗauka ba. An haife shi a nan garin a 1942, uwarsa ungozoma ce ta rasu yana shekara 14, ya haɗu da John Lennon, abokin waƙarsa a Beatles, a 1957 a wani taron coci a unguwar Woolton, kuma jita ta gama-gari yake kaɗawa. Sai a 1961 suna Hamburg a Jamus suna kwana kiɗa a kulob, mai bes ɗinsu Stuart Sutcliffe ya ce shi zane zai koma, John ya ƙi karɓa, George Harrison, ɗaya mai jitar tasu, shi ma ya ƙi, kaya ya faɗo kan Paul.

Kuɗinsa bai kai na bes ƙirar kamfanin Fender ba sai ya sayi ta kamfanin Höfner a kan kusan fam 30, mai siffar goge irin na Turawa, ya ce tunda shi bahago ne ko ya juya ta ba za ta yi muni ba. To a nan ne mutumin ya burge ni gaskiya, maimakon ya riƙa dum dum a baya kamar kowa sai ya sa ta tana yawo tana hawa tana sauka kamar ita ma waƙarta take rerawa, ga shi kuma shi ke waƙa a gaba a lokaci guda, wanda duk ya taɓa gwadawa ya san hannu da baki ba sa yarda su rabu haka da sauƙi.

Abin da ya sa ma na ɗauko alƙalami shi ne Legas. Bayan Beatles sun watse a 1970 ya kafa wata ƙungiyar kiɗa mai suna Wings, a 1973 ya ce a situdiyon kamfanin faifai na EMI da ke Apapa zai naɗi faifai. Ana gab da tafiya mutum biyu cikin 'yan ƙungiyar suka zame, har da mai gangarsu, ya sauka da matarsa Linda da mai jita Denny Laine kawai, dole shi ya hau ganga. Situdiyon ma bai kammalu ba. Wani dare suna tafiya a ƙasa 'yan fashi suka tare su da wuƙa suka kwashe har kaset ɗin gwajin waƙoƙinsa. Ga Fela ya taso masa wai ya zo satar kiɗan baƙar fata, sai da Paul ya kira shi ya kunna masa waƙoƙin ya ji babu. Shi kuwa da ya je ya ga 'yan kiɗan Fela, da bakinsa ya ce sai da ya yi hawaye. Faifan da ya fito daga wannan wahala, Band on the Run, da yawa na cewa bai yi kamarsa ba tun bayan Beatles.

Ita kuwa Höfner ta farko sace ta aka yi daga mota a Landan a 1972, sai a 2024 aka sanar ta koma hannunsa, ashe tana can saman rufin wani gida shekara da shekaru. Tsohon ya haura 80 kuma bai daina hawa dandamali ba.

A gaida mutanen gida, wanda zai taho ya riƙo min yaji, sanyi ya fara.