Na'urar zuba ruwa ta daina kwashe mini ƙwayoyin iPSC

'Yan uwa masu koyon renon ƙwayoyin halitta na asali, yau da safe na duba farantina a madubin ƙara girman ƙananan halittu, na tarar da gungun iPSC, wato ƙwayoyin jiki da aka mayar da su na asali a ɗakin gwaji, suna zaune daram, gefensu a haɗe sumul, alhali na'ura ce kaɗai ta ciyar da su Asabar da Lahadi. Na yi farin ciki matuƙa, domin matsalar kwashewar ƙwayoyin nan ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Kun san FGF2, sinadarin da ke taimaka wa ƙwayoyin girma, da ke cikin ruwan abincinsu mai suna E8, ba ya jure zafin digiri 37 na inkubeta, akwatin ɗumin da ake renonsu a ciki, shi ya sa canjin ruwa ya zama na kullum, shi ya sa kuma na ɗora wa na'ura aikin. Sai dai duk sanda ta gama da faranti mai rami 96, tsakiyar ramukan sai ta zama fayau, ƙwayoyin suna yawo a saman ruwa. Na zargi Matrigel, abin da ake shafawa a ƙasan rami don ƙwayoyin su manne, tunda yakan fara daskarewa da zarar ya bar ƙanƙara, na shafa sabo da tsini mai sanyi na fifet, bututun ɗiban ruwa da hannu, amma ba ta canja zani ba. Y-27632, maganin hana ƙwayoyin mutuwa da nake sawa ranar dasawa, ya sa sun kama ƙasa sosai, washegari kuma ruwan farko ya sake tafiya da su. Abin ya yi mini ciwo, ga kwalbar ruwa ta ɗaruruwan daloli tana ƙarewa a banza.

Sai da na sunkuya na zura wa tsinin na'urar ido yana aiki, sannan na ga ruwan yana faɗowa da ƙarfi a kan gungun kai tsaye. A umarnin kwamfuta na Python da ke sarrafa na'urar na rage saurin tsotsa da na zubawa, na ɗaga tsinin daga ƙasan rami, na matsar da shi jikin bango domin ruwa ya gangaro a hankali, kamar yadda ake yi wa irin tumatir yayyafi a gadon reno. Yanzu ana barin kusan sulusin tsohon ruwa, ba a tsotse shi tas.

Jinkirin ya sa faranti yana daɗewa a waje har launin ruwan ya fara komawa shunayya, don haka ɗaya-ɗaya nake fito da su. Ramuka 36 na gefe kuwa suna saurin ƙafewa, na cika su da PBS, wani ruwan gishiri, maimakon ƙwayoyi, 60 na ciki suka rage mini.

Raba gungu ta amfani da EDTA, sinadarin da ke sassauta mannewar ƙwayoyin, har yanzu da hannu nake yi, kuma ba zan miƙa shi ga na'ura ba sai rinin OCT4, alamar da ke nuna ƙwaya har yanzu ta asali ce, ya nuna mini ƙwayoyin ba su fara rikiɗa zuwa wani nau'i ba.