Muryoyin da ke bayan waken Samaru

Rasuwar wani dattijo a unguwarmu ce ta jefa ni cikin wannan aiki. Ma'aikacin gonar gwaji ne, ya yi shekaru yana ƙirga tsutsa a furen wake. Bayan sadakar bakwai 'ya'yansa suka buɗe akwatinsa, suka tarar gara ta cinye littattafan da yake rubuta abin da ya gani a gona. Abin da ya rage bai cika tafin hannu ba. Kwana biyu abin yana cina a rai, har na samu abokai uku muka kafa 'yar ƙungiya wadda ba ta neman riba, aikinta kawai ɗaukar muryoyin waɗanda suka yi aikin sarrafa ƙwayoyin halittar shuka a ƙasarmu, da adana takardunsu.

Ba mu muka fara irin wannan ba. A Amurka, ɗakin karatu na Bancroft da ke jami'ar Kalifoniya a Berkeley ya zauna da Robert Swanson ya ɗauki hirarsa a 1996 da 1997. Shi ne ya kafa kamfanin Genentech tare da Herbert Boyer a 1976, kamfanin da ya sa ƙwayar bakteriya ta samar da insulin, maganin ciwon sukari, irin na ɗan Adam a 1978. Swanson ya rasu a 1999 yana da shekara 52. Da sun ce sai baɗi, da labarin ya bi shi kabari. Wannan ne ya hana mu jiran kuɗi ko ofis.

Muka fara da wake, don shi ne namu. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noma shi, kuma duk manomi ya san tsutsar da ke huda fure da kwanso, wadda masana ke kira Maruca. Ita ke sa a yi feshi sau shida zuwa takwas a damina ɗaya. An ɗauko ƙwayar halitta daga wata bakteriya ta cikin ƙasa aka sa wa waken a Ostireliya don ya jure wa tsutsar, aka fara gwada shi a killatacciyar gona a Zariya a 2009. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ce ta ja ragamar aikin a ƙarƙashin Farfesa Mohammad Ishiyaku, tare da gidauniyar fasahar noma ta Afirka, AATF, mai hedikwata a Nairobi. A 2019 hukuma ta amince da shi, aka fitar da irin da sunan SAMPEA 20-T. Wannan duk yana rubuce, kowa zai iya samu. Abin da ba a rubuta ba shi muka je nema.

Zuwana na farko ban samu komai ba. Na je wurin wani tsohon malamin gona da takardar tambayoyi ashirin cikin Turanci, ya riƙa ba ni amsa kamar yana gaban kwamiti. Da na koma, sai na bar takardar a gida na tafi da kwanson wake guda biyu, ɗaya lafiyayye, ɗaya hudajje. Na ce, "Baba, wanne ne ya fi ba ku wahala?" Ya karɓi hudajjen ya juya shi a hannu, ya ce, "Zauna, ɗana." Sai da aka kira la'asar muka tashi. Ya faɗa mini yadda ake ɓare fure ɗaya bayan ɗaya da sassafe, yadda ba a fita da ko ƙwaya ɗaya daga cikin shingen gwaji, yadda ake ƙone ragowar shuka idan an gama, da yadda ransa ke sosuwa ya ga an cinna wa wake wuta a garin da wake abinci ne. Tun daga ranar da Hausa nake hira, kuma da Hausar muke rubuta ta kafin a yi maganar fassara.

Na kuma yi asarar da har yau take damuna. Hira huɗu na ajiye a waya ɗaya, wayar ta ɓace a tasha. Uku na sake ɗauka. Mai ta huɗun ya kwanta rashin lafiya, bai sake samun ƙarfin doguwar magana ba. Yanzu ba na kwana sai hirar ranar ta shiga wuri uku: kwamfuta, faifan ajiya da ke gidan wani daga cikinmu, da ma'ajiyar intanet.

Inda muka fi jayayya a tsakaninmu shi ne batun masu adawa. Akwai manoma da ƙungiyoyi da ba su yarda da irin da aka sarrafa ba, wasu don tsoron lafiya, wasu don gudun kada iri ya koma hannun 'yan kasuwa. Ɗaya daga cikinmu ya ce tarihin masana muke tarawa, me ya kawo su? Ni na tsaya a kan a ɗauke su, domin wanda zai saurari faifan nan bayan shekara hamsin yana da haƙƙin ya ji abin da mutane suka ji tsoro, da bakinsu. Wata mai ƙosai ta yi mana minti arba'in a kan yadda take gane wake mai kyau tun a jiƙo, da abin da ya sa take tambayar asalin wanda za ta saya. Hirarta na cikin waɗanda na fi so. Don kada mu karkata gefe ɗaya ne ma muka yanke cewa ba za mu karɓi kuɗin mai sayar da iri ba, ba kuma na mai yaƙi da shi ba, ko da yake hakan ya bar mu da rakoda ɗaya.

Kowa kafin mu kunna rakoda sai mun karanta masa takardar izini da Hausa, ya zaɓi ko a saki muryarsa yanzu ko a rufe ta har bayan ransa. Mutum biyu sun zaɓi a rufe, mun kuma rufe. Ranar Asabar mai zuwa zan je wurin wata baiwar Allah da ta yi aikin tsince iri a ɗakin gwaji, 'yarta ta ce akwai hotuna a ƙasan adakarta.